Injiniya a Kujerar Manaja: Yadda Ilimin Gudanarwa Ya Shiga Karatun Injiniyanci

A yawancin tsangayoyin koyar da injiniyanci na duniya akwai wani darasi da ɗalibi kan ci karo da shi dab da kammala karatunsa, bayan ya shafe shekaru yana fama da lissafi da nazarin ƙarfin ƙarfe da siminti da gudun ruwa da na lantarki. Tambayoyin wannan darasi su ne nawa gada za ta ci, wa zai gina ta, cikin wata nawa, kuma wa ke da ikon cewa a dakata idan aka ga alamar matsala. Shi ake kira ilimin gudanar da aikin injiniya, wato sanin yadda ake tsara mutane da kuɗi da lokaci da kayan aiki domin abin da aka zana a takarda ya tsaya da ƙafarsa a ƙasa. Ko da yake aikin kansa tsoho ne kamar gini, koyar da shi a aji da sunansa bai wuce shekara 100 da 'yan kai ba, kuma tarihinsa cike yake da kai da komo, domin sau da dama injiniyoyi sun shigo da shi jami'a, lissafi ya ture shi gefe ko makarantun kasuwanci su yi awon gaba da shi, sannan wata asara ko wata masifa ta tilasta a sake nemo shi.

Kafin a san makarantar injiniya, wanda ya san sirrin gini shi ne kuma mai ɗaukar leburori, mai cinikin kaya, mai raba aiki da biyan lada, kamar yadda sarkin magina yake a tsofaffin biranen Hausa, kuma yaronsa yakan ɗauki sanin hannu da sanin tafiyar da mutane a dunƙule. Makarantar injiniya ta zamani ta samo tushe ne a Faransa, inda gwamnati ta kafa rundunar injiniyoyin gadoji da hanyoyi a 1716, sannan a 1747 ta buɗe musu makaranta a Faris ƙarƙashin Jean-Rodolphe Perronet, wanda ya riƙe ta har rasuwarsa a 1794. Injiniyan da makarantar ke yayewa ma'aikacin hukuma ne mai kashe kuɗin baitulmali, mai kuma tura talakawan karkara aikin hanya na tilas da aka game ƙasar da shi a 1738, saboda haka wajibi ne ya iya rubuta ƙiyasi, wato takardar da ke fayyace yawan dutse da katako da kwanakin aiki da kuɗin da kowane sashe zai ci kafin a ba da kwangila. Perronet da kansa, tun yana matashin injiniya, ya yi nazarin masu ƙera fil a garin Laigle yana lissafa lokacin da kowane mataki ke ci da ladan da ake biya a kansa, kuma wani injiniyan rundunar, Jules Dupuit, ya wallafa nazari a 1844 kan yadda za a auna amfanin aikin gwamnati ga jama'a, inda ya nuna cewa kuɗin fito mai tsada a kan gada yana hana wasu haye, amfanin da za su samu ya salwanta ba tare da ya shiga aljihun kowa ba. Sai dai makarantar Polytechnique da aka kafa a 1794 ta ɗora darajar injiniya kan zurfin lissafinsa, kuma wannan ma'auni ne ya bazu zuwa wasu ƙasashe, ya bar sanin kuɗi da mutane a matsayin abin da mutum zai tsinta da kansa idan ya fita duniya.

Layin dogo ne ya nuna cewa tsintar ba ta wadatar. A ranar 5 ga Oktoba 1841 jiragen ƙasa biyu na kamfanin Western suka yi taho-mu-gama a jihar Massachusetts ta Amurka, mutum biyu suka mutu, kuma binciken da ya biyo baya ya sa kamfanin ya kasa layinsa kashi uku, ya rubuta wa kowane ma'aikaci aikinsa da wanda zai kai wa rahoto, domin an gane cewa jirage da yawa a kan layi guda ba za su gudana da umarnin baki ba. Daniel McCallum, babban mai kula da layin New York da Erie, ya lura cewa mai kula da layin mil 50 yana iya ganin komai da idonsa, amma layin mil 500, maimakon ya fi araha a kowane mil, yakan fi tsada idan babu tsarin da zai maye gurbin idon shugaba. Ya sa wayar tangaraho ta riƙa kawo masa labarin kowane jirgi sa'a-sa'a, kuma a 1855 aka zana masa taswirar ma'aikatan kamfanin da siffar bishiya, daraktoci a saiwa, sassan layi da ma'aikatansu a rassa da ganye. Daga baya Arthur Wellington, a littafinsa kan zaɓen inda layin dogo zai bi, wanda ya fito a 1877 aka faɗaɗa shi a 1887, ya ɗauki tambayar ko a fasa dutse ko a kewaye shi a matsayin tambayar kuɗi da injiniya ne ya kamata ya amsa, ta hanyar gwada tsadar fasawar a yau da kwal da lokacin da kowane jirgi zai ƙona a kewayen na tsawon shekaru.

Duk wannan a bakin aiki aka koye shi. Wanda ya fito fili ya nemi a mayar da shi ilimi mai littattafai shi ne Henry Towne, shugaban kamfanin ƙera makullai na Yale and Towne, a wata takarda da ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka a Shikago a 1886, inda ya koka cewa tafiyar da masana'anta ta kai zanen inji muhimmanci, amma ba ta da mujalla ko zaure inda masu ita za su ji abin da 'yan'uwansu suka gwada. Cikin 'yan ƙungiyar akwai Frederick Taylor, ɗan masu hali daga Philadelphia, wanda ya shiga masana'antar ƙarfe ta Midvale a 1878 daga matakin lebura ya hau har ya zama babban injiniyanta, ya kuma sami digiri daga kwalejin Stevens a 1883 yana karatu bayan tashi daga aiki. Abin da ya dami Taylor shi ne babu wanda ya san yawan aikin da ya kamata mutum ya yi a yini, domin mai kula da leburori da ka yake ƙiyasi, ma'aikata kuwa suna jan ƙafa da gangan saboda sun ga duk lokacin da suka ƙara himma sai a rage ladan kowane guda da suka ƙera. Maganinsa shi ne a farfasa kowane aiki zuwa ƙananan motsi, a auna kowanne da agogon ƙirga daƙiƙa, a zubar da motsin da ba shi da amfani, a tsayar da lokaci guda da hanya guda, sannan a kwashe tsara aikin daga hannun mai yinsa a kai shi wani ofishi na musamman da zai rubuto wa kowa takardar abin da zai yi. Misalin da ya fi shahara da shi daga masana'antar Bethlehem ya fito, inda ya ce ya ɗaga yawan sandunan ƙarfe masu nauyin kilo 42 da mutum ke lodawa daga tan 12 da rabi zuwa tan 47 da rabi a yini, ladan kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Duk mai lissafi zai ga aikin ya kusa ninkawa huɗu alhali ladan ya ƙaru ne da kashi 60 cikin 100, kuma a 1974 masu bincike Charles Wrege da Amedeo Perroni sun nuna cewa Taylor ya yi wa labarin gishiri, ya riƙa sauya bayanansa duk lokacin da ya sake ba da shi.

Tsarin ya yi suna a 1910, lokacin da lauya Louis Brandeis ya kafa hujja da shi a gaban hukuma don hana kamfanonin jirgin ƙasa ƙara kuɗin dako, aka kuma laƙaba masa sunan gudanarwa ta kimiyya, wanda Taylor ya sa a bangon littafinsa na 1911. A watan Agusta na shekarar masu zubin ƙarfe a masana'antar makaman soja ta Watertown suka shiga yajin aiki bayan an kori ɗan'uwansu da ya ƙi yarda a tsaya masa da agogo, majalisar wakilai ta kafa kwamiti ta kira Taylor ya amsa tambayoyi, kuma daga 1915 aka hana kashe kuɗin soja a kan auna ma'aikaci da agogo, hanin da ya zauna har 1949. Adalci ne a ce Taylor ya bar wa ɗaliban injiniya gado biyu masu karo da juna. Ya koya musu su auna kafin su yanke hukunci, kuma wannan alheri ne da har yau ake mora. Ya kuma koya musu kallon ma'aikaci a matsayin hannu marar kai, kuma an shafe shekaru masu yawa ana ƙoƙarin kankare wannan daga zukatan waɗanda makarantu suka yaye.

A tsakiyar wannan ƙura ilimin ya shiga jami'a. Dexter Kimball ya fara darasin tafiyar da masana'anta a Cornell a 1904, Hugo Diemer, wanda ya riga ya gwada irinsa a Kansas, ya jagoranci sashen injiniyancin masana'antu da aka kafa a kwalejin jihar Pennsylvania a 1909, kuma a 1914 kwalejin fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, ta buɗe kwas mai lamba 15 inda ɗalibi ke haɗa darussan injiniya da tattalin arziki da lissafin kuɗi da dokar kasuwanci. Abin lura shi ne Taylor kansa ya yi shakkar ko aji zai iya koyar da abin, domin a ganinsa matashin da bai taɓa yin aiki ƙarƙashin wani ba, bai kuma taɓa zama cikin leburori ya ji yadda suke tunani ba, zai fito da takarda da girman kai kawai, kuma da ƙyar ya yarda ya riƙa ba da lacca a makarantar kasuwanci ta Harvard daga 1909. Herman Schneider na jami'ar Cincinnati ya riga ya samo wata amsa ga wannan shakka tun 1906, lokacin da ya ɗauki ɗalibai 27 ya raba su biyu, rabi a aji rabi a masana'anta, suna musanya wuri mako-mako.

Wanda ya fi kowa zurfafa tunani kan dalilin koyar da gudanarwa Bafaranshe ne, Henri Fayol, wanda ya fito daga makarantar ma'adinai ta Saint-Étienne a 1860 yana ɗan shekara 19, ya fara aiki a mahaƙar kwal ta Commentry, ya karɓi shugabancin kamfanin a 1888 yana gab da durƙushewa, ya kuma riƙe shi har 1918. Taylor daga ƙasa ya kalli masana'anta, daga hannun mai shebur, Fayol kuwa daga kujerar shugaba ya kalle ta, kuma a littafinsa na 1916 ya kasa aikin gudanarwa gida biyar: hangen gaba da tsara shiri, shirya mutane da kaya, ba da umarni, daidaita sassa don kada su yi karo, da bibiya don a ga ko an yi abin da aka ce. Ya zana jadawali da ke nuna cewa ƙimar ma'aikacin ƙasa kashi 85 cikin 100 sanin sana'a ce, gudanarwa kashi 5 kacal, amma duk matakin da mutum ya hau sai sanin sana'ar ya ragu na gudanarwa ya ƙaru, har ya kai rabin abin da ake bukata daga shugaban babban kamfani. Alƙaluman nasa ƙiyasin gogagge ne, ba awo ba, amma hujjar da ya gina a kansu tana da ƙarfi: makarantun injiniya suna cika ɗalibi da lissafin da zai bar amfani da yawancinsa cikin 'yan shekaru, suna kuma sallamarsa ba tare da kalma ɗaya ba kan aikin da zai ci sauran rayuwarsa. Ya ce dalilin da ya sa ba a koyar da gudanarwa shi ne ba a tattara ta ta zama ƙa'idoji ba, malami kuwa ba ya koyar da abin da ba shi da kan gado, don haka ya zauna ya rubuta ƙa'idoji 14, cikinsu har da cewa kada mutum ya karɓi umarni daga shugaba fiye da ɗaya, da cewa iko da ɗaukar alhaki tare suke tafiya, da kuma dabarar da ya kamanta da 'yar gadar ƙetare, wato a bar ma'aikata biyu masu matsayi ɗaya a sassa daban su yi magana kai tsaye da iznin shugabanninsu, maimakon takarda ta hau tsani har sama ta sauko ta ɗaya gefen. Littafin bai yaɗu sosai a ƙasashen Ingilishi ba sai bayan fassarar 1949.

A Jamus Georg Schlesinger ya hau kujerar farfesan injunan ƙira da tafiyar da masana'anta a Balin a 1904, kuma a 1927 Willi Prion ya kafa a can karatun da ke haɗa injiniyanci da tattalin arziki a digiri guda, wanda har yau Jamusawa ke ji da shi. A Amurka kuwa Henry Gantt, abokin aikin Taylor, ya bar jadawalin da ke ɗauke da sunansa, inda kowane aiki yake da sanda kwance da ke nuna ranar farawa da ta gamawa da inda aka kwana, ko da yake injiniyan Folan Karol Adamiecki ya riga shi ƙirƙiro makamancinsa, harshen da ya yi rubutu da shi ne ya hana duniya sani da wuri. Binciken da Charles Mann ya wallafa a Amurka a 1918 ya tambayi injiniyoyi masu aiki abin da ke kawo nasara a sana'ar, suka sa hali da kaifin hukunci da fahimtar mutane gaba da ƙwarewar fasaha, kuma babban binciken William Wickenden na 1923 zuwa 1929 ya gano cewa mafi rinjayen waɗanda aka yaye sukan koma aikin shugabanci kafin su manyanta.

A tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ne ginshiƙan darasin suka zauna yadda ɗalibi zai gane su a yau. Na farko shi ne tattalin arzikin injiniya, wanda littafin Eugene Grant na 1930 ya daidaita, kuma zuciyarsa ita ce kuɗin yau da na gobe ba ɗaya ba ne, domin na yau ana iya juya shi. Idan jari yana kawo kashi 10 cikin 100 a shekara, dala 1,000 da za a karɓa bayan shekara 10 daidai take da kimanin dala 386 a hannu yanzu, kuma da wannan awo ne injiniya ke gwada famfo mai arahar saye mai yawan cin mai da gyara da wani mai tsadar saye mai sauƙin riƙo, ya mayar da duk abin da kowanne zai ci tsawon rayuwarsa zuwa ƙimar yau kafin ya zaɓa. Na biyu shi ne kula da inganci ta hanyar ƙididdiga, wanda ya faro daga 'yar takardar da Walter Shewhart ya rubuta a kamfanin Western Electric a ranar 16 ga Mayu 1924. Shewhart ya nuna cewa babu injin da ke fitar da abu biyu daidai wa daida, kuma akwai bambancin da ke cikin jinin aikin, akwai wanda wata matsala ta musamman ta jawo, kamar wuƙar da ta dakushe ko kayan da aka sauya, ya kuma ja iyaka biyu a kan jadawali domin mai kula ya san lokacin da zai tsayar da inji ya bincika da lokacin da taɓa shi zai ƙara ɓata aiki ne. Amfanin wannan ya wuce inji, domin ya hana shugaba ɗora wa ma'aikaci laifin abin da tsarin aikin ne ya haifar.

Ginshiƙi na uku, wato mutane, shi ne ya fi ƙin zama a jadawali. Gwaje-gwajen da aka yi a masana'antar Hawthorne kusa da Shikago daga 1924 zuwa 1932 sun faro ne da tambayar injiniya zalla, ko ƙarin hasken fitila yana ƙara yawan aiki, suka ƙare da hira da ma'aikata fiye da 20,000 da kuma gano cewa ƙungiyar ma'aikata tana da nata ma'aunin aikin yini, tana kuma ladabtar da wanda ya zarce shi ko ya gaza. Masana sun yi ta jayayya kan yadda Elton Mayo, ɗaya daga cikin masu binciken, ya fassara sakamakon, amma tun daga nan ya yi wuya a rubuta littafin gudanarwa babu babi kan abin da ke motsa mutum. Lillian Gilbreth, wadda ta yi nazarin motsin ma'aikata tare da mijinta Frank, ta kuma sami digirin digirgir a 1915 kan ilimin halayyar ɗan'adam, ta zama farfesar gudanarwa a makarantar injiniya ta Purdue a 1935, a zamanin da mace a irin wannan tsangaya abin nunawa ce da yatsa.

Yaƙin duniya na biyu ya ɗaukaka ilimin ya kuma jawo masa koma baya a lokaci guda. Ya haifar da binciken ayyuka, wato amfani da lissafi wajen rabon jirage da kaya da mutane, amma manyan nasarorin fasaha na yaƙin, na'urar hangen jirage da makamin nukiliya, masana kimiyya ne suka jagorance su, kuma malaman injiniya suka ji an bar su a baya. Rahoton kwamitin Linton Grinter na 1955 ya nemi a gina manhaja kan kimiyya da lissafi, kumbon Sputnik na Rasha a 1957 ya ƙara wa kiran ƙarfi, sai darussan ɗakin ƙira da zane da awon ƙasa da tafiyar da masana'anta suka riƙa raguwa domin a sami gurbi. Kwas mai lamba 15 na MIT ya zama makaranta mai zaman kanta a 1952, aka sa mata sunan Alfred Sloan na kamfanin General Motors a 1964, kuma ta haka abin da injiniyoyi suka haifa ya tare a gidan kasuwanci. Abin takaici shi ne hakan ya faru daidai lokacin da ayyuka ke girma fiye da da. A 1957 Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand suka fitar da dabarar hanya mai matsi, a 1958 kuma sojan ruwan Amurka suka fitar da 'yar'uwarta mai suna PERT domin aikin makami mai linzami na Polaris. Tunanin mai sauƙi ne: a kowane aiki akwai jerin matakan da dole ɗaya ya jira ɗaya, kamar tushe da bango da rufi, akwai kuma waɗanda ke da sarari, kamar ƙera tagogi, kuma jerin da ya fi tsawo shi ne ke yanke ranar gamawa, ta yadda jinkirin kwana ɗaya a kansa jinkirin aikin ne gaba ɗaya, ƙarin leburori a wani wuri kuwa ɓarnar kuɗi ce.

Saboda wannan giɓi aka sake kafa ilimin a cikin tsangayar injiniya. Bernard Sarchet ya jagoranci sashen gudanar da aikin injiniya a jami'ar Missouri da ke Rolla daga 1967, kuma daga can aka kafa ƙungiyar masana fannin ta Amurka a 1979. Gogayyar Japan ta ƙara matsa lamba, domin kamfanoninta sun ɗauki darussan inganci da Edwards Deming ya koyar a can a 1950 da Joseph Juran a 1954 da muhimmancin da Amurka kanta ba ta ba su ba, har motocinsu da na'urorinsu suka mamaye kasuwa. A Birtaniya rahoton Monty Finniston na 1980 ya soki yadda ake yaye injiniyoyin da ba su san kasuwa da masana'anta ba, kuma a shekarar Kumar Bhattacharyya ya kafa cibiyar koyar da ƙere-ƙere da gudanarwa a jami'ar Warwick. Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda hukumomin tantance digirin injiniya na ƙasashe shida suka fara sa wa hannu, ta kai ga sanya sanin gudanar da aiki da kuɗi cikin siffofin da dole wanda aka yaye ya mallaka. Nijeriya ta ɗauki dabarar Schneider ta tata hanyar, ta shirin SIWES da asusun horar da ma'aikatan masana'antu ya fara a 1973, wanda ke fitar da ɗalibin injiniya zuwa wurin aiki na wata shida a shekararsa ta huɗu, kafin ya komo ya ɗauki darussan gudanarwa da doka a ta biyar.

Ɓangaren da ya fi wuyar koyarwa shi ne abin da ke faruwa a zuciyar mutum guda idan injiniyan da ke cikinsa da manajan da ke cikinsa suka saɓa, kuma misalin da malamai suka fi komawa gare shi shi ne na kumbon Challenger. A daren 27 ga Janairu 1986 injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon, suka ba da shawarar kada a harba shi cikin sanyin da ake hasashe, domin zobban robar da ke toshe mahaɗar sassan roka suna sandarewa da sanyi, kuma ba a taɓa harbawa a ƙasa da kimanin digiri 12 na ma'aunin Salsiyos ba. Jami'an NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka mai kumbon, suka nuna rashin gamsuwa da hujjar, shugabannin kamfanin suka nemi a ba su 'yan mintoci su tattauna, kuma a nan ne babban mataimakin shugaba Jerald Mason ya ce wa Robert Lund, wanda shi ne shugaban sashen injiniya, ya cire hularsa ta injiniya ya sa ta manaja. Manajoji huɗu suka amince a harba, ba tare da an ƙirga ra'ayin injiniyoyin da ke zaune a ɗakin ba, kuma washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai da ke ciki suka halaka. Dukan waɗanda suka yanke hukuncin masu ilimin fasaha ne, sun san jadawali, sun san darajar kwangilar da ke hannunsu, kuma abin da ya kuɓuce musu shi ne an juya tambayar a daren, daga neman hujjar cewa harbawa ba ta da haɗari zuwa neman hujjar cewa lallai za a yi haɗari, wadda babu injiniyan da zai iya kawowa da 'yan alƙaluman da ke hannu. Roger Boisjoly, wanda tun ranar 31 ga Yuli 1985 ya rubuta wa Lund takardar gargaɗi cewa matsalar zobban tana iya jawo asarar rayuka, ya faɗi abin da ya faru a gaban kwamitin binciken shugaban ƙasa, zama a kamfanin ya gagare shi bayan haka, kuma a watan Janairu na 1987 ya tsaya gaban ɗalibai a MIT ya ba su labarin daren dalla-dalla. Ya ci gaba da zagaya jami'o'i da wannan lacca shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2012.